Giɓin Shekara Shida

A hawa na biyu na kamfanin rarraba magunguna akwai wani ɗaki mai tebur huɗu, shi ne sashen kwamfuta. Uku daga cikin teburan babu kowa a kansu, sai wayoyin caja da kofunan shayi da masu tafiya suka manta. Cikin shekara biyu mutum bakwai suka bar ɗakin, kuma duk tafiyar iri ɗaya ce. A ɗauki mutum, a koya masa aiki, hannunsa ya fara faɗawa, sai wata safiya ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishin ɗaukar ma'aikata da ambulan a hannu yana sunne kai. Wani banki ne ya kira shi, wani kamfanin waya, wani kuma mutanen ƙasar waje ne da bai taɓa ganin idonsu ba, zai riƙa yi musu aiki daga ɗakin kwanansa.

Matar da ke karɓar ambulan ɗin ita ake kira Anti Fayil. Shekararta goma sha ɗaya a wannan ofis, kuma ta daɗe da daina tambayar masu tafiya dalili. Takan buga hatimi, ta yi musu fatan alheri, ta buɗe kwamfutarta ta sake fitar da tallar da ta fitar watannin baya.

Wanda ya rage a ɗakin shi ne Baba Waya, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya ja kowace waya da ke cikin bangon ginin da hannunsa.

"Ni kaɗai ne mai amana a ɗakin nan," in ji shi, duk ranar da wani ya tafi.

"Ko kuwa kai kaɗai ne ba a nema ba, Baba," in ji Anti.

"Wannan ma gaskiya ne," yakan ce, ya koma kan aikinsa.

Gurbin da ya fi damun kowa shi ne na mai kula da ma'ajiyar bayanai. A cikinta ake rubuta kowane kwalin magani da ya shigo sito, da ranar lalacewarsa, da asibitin da za a kai shi. Wata uku talla tana waje. Ba wai babu masu nema ba, kowane mako takardu sun fi ɗari. Amma Anti ba ta ganinsu. Shekara biyu da suka wuce Manaja ya dawo daga wani taro da manhajar tace takardu, wadda ma'aikata suka laƙaba wa suna Rariya. Ita ke karanta duk abin da aka turo, ta zubar da wanda ba shi da shaidar kwas kaza da kaza, da wanda ya wuce shekara biyu ba ya aiki, ta miƙo wa Anti mutum goma. A cikin goman, nagartattun kan tambayi albashi, su tambayi ko za a bar su su yi aiki daga gida, daga nan sai wayarsu ta daina shiga. Akwai wanda ya karɓi aikin har aka buga masa katin shaida, ranar da zai fara ya turo saƙon layi biyu yana ba da haƙuri.

A wata na huɗu Rariya ta miƙo wani saurayi dogo siriri, bai daɗe da gama jami'a ba, da shaidar kwas uku. Aka ba shi jarrabawar da ake ba kowa: jadawalin magunguna na bogi da aka hargitsa da gangan, ya je gida ya gyara cikin kwana uku. Ya dawo da shi a kwana biyu. Baba Waya ya sa tabarau ya duba ya fi rabin awa.

"Ba fannina ba ne," ya ce, "amma na san aiki mai tsabta in na gan shi. Har kuskuren da ba mu muka dasa ba ya gano. Duk bakwai ɗin nan da suka tafi babu wanda ya yi kamar wannan."

A ganawar baki kuwa saurayin bai taɓuka komai ba. Aka tambaye shi, ya kalli takalminsa, ya ba da amsa guntu-guntu. Anti ta rubuta alamar tambaya a gefen takardarta. Manaja ya leƙa ya gani, ya kaɗa hannu.

"Masu kwamfuta haka suke, ba su iya magana ba. Mu ba mai wa'azi muke nema ba. A ba shi takarda yau, kafin wasu su ji labarinsa."

Aka ba shi teburin da ke kusa da taga. Kafin mako ya zagayo direbobi sun sa masa suna Dogo.

Dogo ba ya makara, ba ya musu, kuma aikinsa yana fita. Sai dai yana da wata ɗabi'a. Duk matsalar da aka kawo masa, komai ƙanƙantarta, zai ce, "Bari in duba, ku ba ni awa ɗaya." Sai ya ɗauki hoton allon kwamfutarsa da waya, ya fita ya zauna a matakalar bayan gini inda ake tara tsoffin kwalaye. Ya dawo, ya zauna, ya buga abin da zai buga a hankali yana duban wayar, matsala ta warware. Baba Waya ya lura tun makon farko. Ya ƙyale shi. Yaran yanzu komai a waya suke nema, kuma wata huɗu ya yi shi kaɗai a ɗakin.

Haka aka tafi mako bakwai.

Wata Litinin da misalin ƙarfe takwas, injin buga takardar lodi a sito ya tsaya. Aka kashe aka kunna, shiru. Akawun sito ya yi ƙoƙarin shigar da kwali ɗaya, allon ya ƙi karɓa. Motoci tara suna jere a harabar gida, biyu daga ciki na alluran da ba sa son zafi, rana kuma tana ɗagawa. Direbobi suka fara danna oda. Manaja ya hau bene da kansa, abin da bai saba ba, Anti tana bin sa a baya.

"Bari in duba," in ji Dogo.

Ya fita matakala. Ya dawo bayan minti goma ya zauna, ya sa hannu a kan madannai bai buga komai ba. Ya sake fita. Da ya dawo karo na uku rigarsa ta jiƙe a baya.

"Buɗe min rahoton na'urar mu gani," in ji Baba Waya.

Dogo ya kai linzamin kwamfutar nan, ya kai shi can. Ya buɗe wani abu da ba shi ba, ya rufe. Baba Waya ya cire tabarau ya dube shi, ya dubi Anti. Kowa a ɗakin ya gane.

Ƙarfe tara da kwata wayar Dogo ta yi ƙara a kan tebur. Ya zabura zai fita da ita, Baba Waya ya tare ƙofa da hannu.

"Sa ta a sifika. A nan."

Muryar mace ce, a bayanta ana jin kukan yaro da wani yana kiran lambar layi.

"Auta, lafiya? Kira goma sha huɗu na gani. Muna asibiti, zazzaɓi ne ya rufe Ƙarami tun asuba."

Dogo ya dubi Baba Waya.

"'Yata," in ji Baba Waya, "abokin aikinsa ne ke magana. Allah ya ba yaro lafiya. Motoci tara ne a ƙasa suna jira. Sauran zance daga baya."



"To, Baba. Karanto min abin da ke kan allon, daga sama."

Ya karanta mata. Ta ce a buga kaza, aka buga. Ta ce a karanto lambar da ta fito a ƙarshen layi na uku.

"Ɗari bisa ɗari," in ji Baba Waya.

"Ma'ajiyar ce ta cika da tarkacen rahoton da na'urar ke rubuta wa kanta. Auta, ba ranar Laraba na ce ka kwashe su ba?"

"Na manta, Yaya."

"Kada ku share komai tukuna. Ku fara kwafe su zuwa wani wuri. Baba, kai ka zauna a kujerar."

Minti ashirin da biyar aka yi. Daga ƙasa aka ji injin ya fara fitar da takarda, direbobi suka yi shewa. Matar ta ce an kira lambarsu, ta kashe wayar. Manaja ya sauka.

Da rana Anti ta kira Dogo ofishinta ta rufe ƙofa. Bai ja zancen ba.

"Yayata ce, Anti. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta yi jarrabawar. Ita ta rubuta min takardar neman aikin ma, ta ce ta san kalmomin da na'urarku take so."

"Kai fa? Ba ka karanta kwamfuta ba?"

"Na karanta. A takarda. Mu tamanin ne a aji, kwamfuta shida. Na yi niyyar in koya a hankali, tana nuna min in na koma gida. Abin ne da yawa."

"Ita a ina ta koya?"

"Shekara takwas ta yi tana wannan aikin a wani kamfanin inshora. Sai ta haifi 'yan biyu bakwaini. Ƙaramin ya yi ta ciwo, ta ajiye aiki. Da suka shiga makaranta ta fara nema." Ya ɗago kai karo na farko. "Ta nema a nan ma. Sau huɗu."

Anti ta tambayi sunanta ta buga. Akwai wani shafi a cikin Rariya inda ake tara waɗanda aka zubar, rabonta da buɗe shi tun ranar da masu sayar da manhajar suka nuna mata shi. Sunan ya fito sau huɗu. Kowane lokaci an karɓi takardar, an mayar da amsar ban haƙuri cikin ƙasa da minti ɗaya, da sa hannun Anti a ƙasa. A gefe an rubuta dalili: giɓin shekara shida.

Ta ce wa Dogo ya koma teburinsa.

Manaja ya riga ya yanke shawara kafin ta shiga wurinsa.

"Mako bakwai yana ɗaukar hoton bayanan kamfani yana tura wa wani gida. Ko kotu zan iya kai shi. A sallame shi, a ɗauko yayar. Ki je da kanki, kada ki tura imel."

Ranar Asabar da la'asar ta je. Hawa na uku ne a wani dogon gini, bene babu fitila, takalman yara a jere a bakin ƙofa. Maman 'Yan Biyu, kamar yadda maƙwabta suka kira ta da Anti ta yi tambaya a ƙasa, mace ce gajera mai ɗan jiki, ba ta kama da ƙanenta ko kaɗan. Falon ƙarami ne. Kwamfutarta tana kan teburin guga a jikin bango, an tallafe allon da littattafai biyu saboda maƙalarsa ta karye. Yaran suna ƙasa suna jayayya a kan fensir ja. Ta kora su ɗaki, ta kawo shayi.

"Na san abin da muka yi ba daidai ba ne," ta ce bayan gaisuwa. "Ba zan tsaya ina kare kaina ba. Da amsa ta huɗu ta dawo tun ban tashi daga kan kujera ba, sai na ce, to, ni ba sa so na, bari mu ga ko suna son aikina. Auta kuma shekara guda yana zaune, Mama tana ta kira na a kansa. Na ɗauka zan koya masa kafin a gane."

"An so aikin," in ji Anti. "Shi ya sa na zo."

Ta faɗi saƙon Manaja. Maman 'Yan Biyu ta saurara har ƙarshe tana juya cokali a kofi.

"Ina so. Amma kwana uku a gida, biyu a ofis. Ranar ofis zan tashi ƙarfe biyu, ni ke ɗauko su daga makaranta, babansu sai ƙarshen mako yake gari. Kuma kada a kori Auta da baƙar takarda. A rage masa matsayi, a sa shi wani aikin, duk na yarda. Laifina ya fi nasa."

"Zan kai. Ban yi miki alkawari ba."

"Ban tambaye ki alkawari ba, Anti."

Da za ta tashi, idon Anti ya sauka a kan allon kwamfutar. Takardar neman aikin matar ce a buɗe. Shekara goma sha ɗaya tana karanta irin waɗannan takardu, ba ta iya wuce su ba ta gyara ba.

"A shekara shidan nan, ba ki taɓa yi wa kowa aiki ba?"

"Ƙananan abubuwa. Na tsara wa makarantar yaran rajistarsu. Da wani kanti a ƙasa. Da na ƙungiyar matan ginin nan."

"Me ya sa ba ki rubuta ba?"

"Ai ba aiki ba ne. Taimako ne."

"Matsa min."

Anti ta zauna a gaban teburin guga. Inda babu komai tsakanin shekarar da matar ta ajiye aiki da yau, ta rubuta: mai ba da shawara mai zaman kanta. Ta jera makarantar da kantin da ƙungiyar a ƙasa, kowanne da layi ɗaya.

"Babu ƙarya a ciki," ta ce. "Fanko ne na'urar ba ta so. Ba ruwanta da abin da ya cike shi."

Ranar Litinin ta kai wa Manaja sharuɗɗan. Ya jingina da kujera.

"Daga gida? In na ba ta, gobe akanta zai ce shi ma daga gida zai yi. Jibi mai gadi."

"Duk waɗanda muka rasa, Yallaɓai, abin da suka tambaya ke nan."

"Wannan ba ni kaɗai zan yanke ba. Sai hukumar kamfani ta zauna."

Hukuma tana zama ƙarshen wata. Da ƙarshen watan ya zo shugabanta yana tafiya, aka ɗaga. A tsakanin nan ba a kori Dogo ba, ba a kuma ce ya zauna ba. Da wata matsala ta taso a mako na biyu, Manaja ya tsaya a bakin ƙofar sashen ya ce, yana kallon silin, "A yi yadda aka saba, amma ni ban sani ba." Dogo ya daina zuwa matakala, yana kiran yayarsa daga kan teburinsa. Ita kuma tana ɗauka.

Mako biyar aka yi kafin hukuma ta amince da kwana biyu a gida maimakon uku. Anti ta buga takardar, sannan ta kira.

"Anti, ina yini? Da na so in kira ki, kunya ce ta hana ni," in ji Maman 'Yan Biyu. "Na fara aiki ranar Litinin ɗin nan da ta wuce."

"A ina?"

"Wasu ne a ƙasar waje, masu harkar jiragen ruwa. Bayan kin gyara min takardar na tura wurare biyar, uku suka kira ni a mako ɗaya. Waɗannan ko sau ɗaya ba su tambaye ni ƙarfe nawa zan tashi ba."

"Allah ya sa alheri."

"Amin. Na sa musu hannu ba zan taɓa bayanan wani kamfani ba, saboda haka Auta ya daina kira na a kan aiki. Na rubuta masa duk abin da na sani game da ma'ajiyarku, shafi goma sha tara, ya ba Baba. Anti, yaya maganar tasa?"

"Yana nan."

"Na gode."

Manaja ya karɓi labarin a tsaye.

"Shekara nawa tana nema ba wanda ya kula ta, sai yanzu? Yaya aka yi?"

"Kasuwar ce haka, Yallaɓai," in ji Anti.

Aka mayar da Dogo ƙarƙashin Baba Waya, aka rage masa matsayi da albashi. Ashe a wannan ɓangaren hannunsa yana da kyau. Ba ya tsoron tsani, kuma tsawonsa yana kai shi cikin silin inda Baba Waya ya daina kaiwa. Ma'ajiyar bayanai kuwa su biyu suka riƙa lallaɓa ta da shafi goma sha taran nan, sun manna su a bango da salatif.

Anti ba ta nemi izinin kowa ba ta shiga Rariya ta cire ƙa'idar giɓi. Takardu ɗari biyu da goma sha biyu suka dawo daga shafin waɗanda aka zubar. Ta riƙa karanta ashirin a rana, bayan ta gama sauran aiki. Yawancinsu dai ba su dace ba. Wasu da ta kira sun riga sun samu wani wurin, wasu lambarsu ta daina aiki. Ta fitar da shida, ta ce jarrabawa a ofis za a yi, a kan tebur, waya a aljihu, Baba Waya yana zaune a gefe.

Wanda ya fi sauran wani mutum ne mai shekara arba'in da huɗu, mai sanƙo, wanda ya ajiye aiki shekara uku yana jinyar mahaifiyarsa. Ya cinye lokacin da aka ba shi har minti na ƙarshe.

"Yaya ka gani, Baba?" in ji Anti.

"Bai kai ta ba. Ko kusa. Amma abin da ya rubuta, ya san dalilin da ya sa ya rubuta shi."

Ta kira mutumin ofis ta faɗa masa an ɗauke shi. Ya yi godiya, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sannan ya dawo ya tsaya a bayan kujera.

"Ranki ya daɗe, gara in faɗa tun yanzu. Talata da Juma'a ina kai tsohuwa wankin ƙoda. Ƙarfe uku nake bukatar fita. Zan riƙa zuwa da wuri in cike."

Anti ta juya ga kwamfutarta ta ƙara layi biyu a shafi na biyu na takardar ɗaukarsa. Ta buga, ta haɗa da sauran takardun ranar, ta kai wa Manaja. Yana kan waya da wani dilan magani a kan kayan da suka makara a hanya. Ya maƙale wayar da kafaɗa, ya sa hannu a inda ta nuna masa da yatsa, ya miƙo mata.